Wa Ke Magana da Bakin Nima?

Wanda ya sauka daga trotro a bakin kasuwar Nima ran Laraba, ya kutsa cikin lunguna ya yi ta gangarawa, hancinsa zai gaya masa ya kusa babbar kwata tun idonsa bai gan ta ba. Ita ce ta raba Nima da Maamobi. Asalinta rafi ne. Yau ruwan wanka da na wanki da ledoji da abin da ba a faɗa a gaban manya duk a cikinta suke taruwa, su bi ta Paloma su faɗa kogin Odaw, daga can sai tafkin Korle da teku. Yara suna wasa a bakinta, mata suna tuyar ƙosai kusa da ita. Shekara da shekaru 'yan takara suna zuwa su tsaya a kanta a ɗauke su hoto, su rantse za su gyara. An zuba siminti a waɗansu wurare, an rufe waɗansu, amma idan hadari ya haɗu da dare, masu ɗakuna a bakin kwatar ba sa barcin kirki.

Nima ba ta taɓa rasa masu taimako ba. Ɗalibai sun zo, gwamnatocin soja da na farar hula sun zo, Bankin Duniya ya zo, masu bincike daga Turai da Amurka sun cika littattafai da labarinta. Har ma'aikatar gwamnati guda aka taɓa kafawa da sunan zango. Abin da unguwar ta rasa shi ne majalisa tata ta kanta: taron mutanen da mazauna suka zaɓa, mai gida da ɗan haya, mace da namiji, Musulmi da Kirista, wanda zai zauna kowane wata ko akwai zaɓe ko babu, ya riƙe littafi, ya yi magana da sunan kowa. Muddin babu wannan, duk kuɗin da aka zuba a Nima kamar ruwa ne a kwando. Laifin kuwa ba na gwamnati kaɗai ba ne. Sarakunan zango suna da rabonsu, masu gidaje suna da nasu, ikilisiyoyin da ke cikin unguwar kuma nasu rabon ba ƙarami ba ne.

Sai a tuna yadda garin ya tashi. A wajen 1931 Malam Amadu Futa, Bafillace mai fataucin shanu, ya sami izinin zama a wannan fili daga gidan Odoi Kwao na mutanen Osu. A lokacin wurin daji ne a bayan birnin Akra, wanda tsofaffin fatake suke kira Ankara. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, sojojin Amurka suka kafa sansani kusa da filin jirgin sama, sai aiki ya samu: kuku, mai wanki, mai gadi, lebura. Mutane suka yi ta kwararowa daga arewacin ƙasar, da Nijeriya, da ƙasashen da Faransa take mulki. Kowa ya sami ɗan fili ya kafa ɗaki. Sai a 1951 aka shigar da Nima cikin iyakar birni, lokacin nan kuwa gidaje sun riga sun haɗe, ba a bar wa titi ko famfo ko kwata wuri ba. Hausa ta zama harshen da Bafrafre da Bazabarme da Bamoshe da mutumin Kotokoli suke ciniki da shi. A cikin waɗannan lunguna ne wani Baturen Ingila, Keith Hart, ya zauna tsakanin 1965 da 1968 yana duba yadda Frafra suke neman abinci ba tare da albashi ba, ya fito da bayanin da masanan tattalin arziki na duniya suke amfani da shi har yau a kan sana'o'in da ba su cikin littafin gwamnati. Wato duniya ta koyi darasi daga Nima. Garin da mutanensa suka gina da hannunsu, suka ciyar da kansu babu mai ba su aiki, shi ne ake cewa ba zai iya zama ya shirya al'amuransa ba?

Akwai wani rauni da bai warke ba. A Nuwamba 1969 gwamnatin Dokta Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar Ghana. Dubban ɗaruruwa suka tafi, da yawansu a ƙasar aka haife su. Zangunan Akra suka ga maƙwabta suna sayar da gida da arha, suna hawa manyan motoci da tabarmi da tukwane. Waɗanda suka rage sun koyi wani mugun darasi: baƙo ba ya ɗaga murya, baƙo ba ya kafa itace mai daɗewa. Jikokinsu 'yan ƙasa ne cikakku, suna da katin zaɓe, amma halin zama da kaya a ɗaure bai bar unguwar duka ba. Mutum ya shekara talatin a ɗaki ɗaya a Maamobi, ya aurar da 'ya'ya a nan, amma in an tambaye shi garinsu sai ya ce Bolga ko Bawku ko Sakkwato. Can yake gina gida, can za a kai gawarsa. Kwatar da ke ƙofar ɗakinsa ta wani ce.

A ƙarshen shekarun 1960 ɗaliban jami'ar Legon suka fara wata ƙungiya mai suna Operation Help Nima. Sun yi aikin gayya, sun ja hankalin hukuma ga halin da unguwar take ciki, ba wanda zai raina wannan. Amma sunan kansa ya tona asirin al'amarin: a taimaki Nima. Masu ilimi daga waje su ne baki, mutanen unguwa su ne abin tausayi. Da gwamnatin soja ta Acheampong ta tashi yanka babban titin Nima a shekarun 1970, katafila ta bi ta kan gidaje, aka kai waɗansu iyalai Madina. Titin ya yi amfani, ba a musu. Tambayar ita ce wa aka biya diyya. Mai gida yana da abin nunawa. Ɗan haya, wanda shi ne mafi yawa a kowane gida, ba shi da komai sai tabarmarsa. Haka abin yake duk inda aka yi rusau babu wata majalisa da ta rubuta sunayen masu kwana a ɗakunan tun kafin safiyo ya zo da fenti.

Kusa-kusan nan an sake gwada taimako daga sama, da babbar murya. A 2017 gwamnatin Nana Akufo-Addo, wanda gidansa na kansa a Nima yake, ta kafa Ma'aikatar Raya Tsakiyar Birane da Zanguna, majalisar dokoki kuma ta yi dokar Asusun Raya Zango a shekarar nan. An gina ajujuwa a waɗansu zanguna, an sa fitilun titi, an shimfiɗa filayen ƙwallo masu ciyawar roba. A Fabrairu 2019 shugaban ya gaya wa majalisa ana zana tsarin sabunta Nima. A 2021 aka rushe ma'aikatar. A Janairu 2025 ya sauka daga mulki, lungunan Nima suna nan yadda suke. Mai adalci ba zai ce ba a yi komai ba. Amma wa ya zaɓi abin da aka yi? Shugabannin asusun naɗa su aka yi daga sama. Da an tara matan Maamobi an ce su zaɓa tsakanin filin ƙwallo da bayan gida mai tsabta kusa da ɗaki, ba sai an yi duba ba kafin a san amsarsu. Abin da alƙalamin shugaba ɗaya ya kafa, alƙalaminsa ko na magajinsa yana iya sharewa, ba kuwa wanda zai fita titi domin abin da tun farko ba nasa ba ne.

Wani zai ce, ai akwai majalisa, doka ta tanada. Gaskiya ne, a takarda. Tun 1988 Ghana take da majalisun gunduma, tsarin mulkin 1992 ya tabbatar da su, ya ce a ware musu abin da bai gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa ba. A 2018 aka yanka Ayawaso ta Gabas, inda Nima take, da Ayawaso ta Arewa, inda Maamobi take, kowacce da majalisarta. A ƙarƙashinsu akwai wakilin da ake kira asambiliman, da ɗan kwamitin unguwa mai mutum biyar. To, a duba yadda abin yake tafiya. Bisa ga tsarin mulkin nan, shugaban ƙasa ne yake kawo sunan shugaban gunduma, shi ne kuma yake naɗa kusan kashi 30 cikin 100 na 'yan majalisar. An shirya ƙuri'ar raba gardama a Disamba 2019 a kan gyaran tsarin ƙananan hukumomi, aka soke ta ana saura 'yan makonni. Wanda aka naɗa daga sama, sama yake kallo. 'Yan kwamitin unguwa kuwa ba albashi, ba ofis, ba asusu. Asambiliman ya zama mai zuwa suna da jana'iza, ana roƙonsa kuɗin makaranta daga aljihunsa. Ba abin mamaki ba ne da a zaɓen waɗannan kujeru na 2019 da na 2023 wajen mutum ɗaya cikin uku ne kawai ya fita jefa ƙuri'a a ƙasar. Sa'an nan kwatar nan guda ɗaya yanzu tana tsakanin hukumomi biyu, kowacce tana iya nuna 'yar'uwarta da yatsa.

Ba inda rashin majalisar mazauna ya fi fitowa fili kamar batun bayan gida. A gidaje da yawa masu gida sun mai da wurin da ya kamata a yi masai ya zama ɗakin haya, gama ɗaki yana kawo kuɗi, masai ba ya kawowa. Sai mutum ashirin ko talatin na gida ɗaya su dogara ga bayan gida na jama'a, su yi layi da asuba, su biya a ƙofa kowane shiga. Tsoho mai ciwon ciki da tsakar dare fa? Yarinya budurwa da za ta ratsa lungu mai duhu fa? Daga nan ne leda take samun aikin da ba nata ba, daga leda sai kwata. Kuɗin ƙofar nan kuwa ba kaɗan ba ne, shi ya sa a Akra an sha ganin samarin jam'iyyar da ta ci zaɓe suna ƙwace bayan gida na jama'a daga hannun na jam'iyyar da ta faɗi, kamar ganimar yaƙi. A 2008 Kotun Ƙoli ta umarci hukumar birnin Akra ta kawar da masai na bokiti, wanda ɗan Adam yake ɗauka a ka. A 2014 kwalara ta kashe fiye da mutum 200 a Ghana, Akra ce ta fi shan wuya. Gwamnati ta amsa da ranar tsabta ta ƙasa, Asabar ta farko a kowane wata, irin wadda mutanen Nijeriya suka sani tun zamanin Buhari da Idiagbon. Aka yi shara 'yan watanni, aka tara dattin a bakin kwata, motar kwasa ba ta zo ba, ruwan sama ya mai da shi inda ya fito. Ran 3 ga Yuni 2015 ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a dandalin Kwame Nkrumah, inda ruwan Nima yake gangarawa, fiye da mutum 150 suka mutu a dare ɗaya. Ba ma'aikacin da ke zaune a ofis zai san gida nawa ne a lungu kaza ba su da masai, ko wane mai gida ne ya ƙi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A nan ya kamata a ɗaga ido a dubi wata ƙasa mai nisa. Masu bi na Kaduna da Jos sun san 'yan Ailan, gama daga can ne Fada-fada da yawa na ƙungiyar SMA suka zo suka buɗe makarantu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne ƙauyukan da suka baro a lokacin matalauta ne: fitilar kananzir, ruwan rijiya, samari suna gudu zuwa Ingila da Amurka. A cikin wannan hali wani Fada mai suna John Hayes ya kafa ƙungiyar Muintir na Tíre a Tipperary a 1937, ma'anar sunan kuwa mutanen ƙasa. Shi kansa an haife shi a 1887 a cikin bukkar wucin gadi, domin mai ƙasa ya kori iyayensa daga gonar da suke haya. Ya san ciwon ɗan haya tun daga shimfiɗar jariri. Tsarinsa mai sauƙi ne. Kowane yanki ya kafa majalisa, a ba manomi kujera, a ba leburan gona, a ba ɗan kasuwa da malamin makaranta, a ba mata da matasa, kada a kawo jam'iyya cikin ɗakin, kada a hana kowa saboda ɗarikarsa.

Abin da ya faru da wutar lantarki shi ne ya fi dacewa da Nima. A 1946 hukumar lantarki ta Ailan ta fara kai wuta ƙauyuka, amma ba ta iya kai wa kowa a lokaci ɗaya, sai ta fara da yankunan da gidaje masu yawa suka sa hannu za su karɓa su biya. Waɗansu tsofaffi suna tsoron kuɗin, waɗansu suna tsoron wutar za ta cinye rufin ciyawa. 'Yan majalisun nan suka bi gida gida suna lallashi, suna rubuta sunaye. Bansha, inda aka kai Fada Hayes a 1946, ta sami wuta a 1948, tana cikin na farko-farko. A lura da kyau: mutanen Bansha ba su gina tashar lantarki ba, ba su sayi waya da kuɗin aljihunsu ba. Aikin gwamnati ne, ita ta yi. Abin da majalisar ta yi shi ne ta je ƙofar hukuma da takarda a hannu, da sunaye, da baki ɗaya. Wannan ya isa amsa ga masu cewa majalisar unguwa dabara ce ta ɗora wa talaka aikin da ya riga ya biya haraji a yi masa. Majalisar da ta tsaya ga yashe kwata da shebur kaɗai, lalle ta zama jakin hukuma. Wadda ta san yawan mutanenta, ta san nawa aka ware wa unguwarta a kasafin gunduma, ta bi ɗan kwangila da ido, ita ce hukuma take jin nauyi.

Ba a ce tsarin Ailan ba shi da aibi ba. A ƙauyuka da yawa Fada ne shugaba, manyan manoma su ne masu faɗa a ji, lebura yana zaune a kujerarsa bakinsa a rufe. Ƙungiyar da kanta ta gane haka, a shekarun 1970 ta koma ga majalisun da dukan mazauna suke zaɓa da ƙuri'a. Ban da haka, ƙauyen Ailan na wancan zamani kusan kabila ɗaya ne, ɗarika ɗaya. Nima kuwa taron duniya ce. Aikin zai fi wuya a nan, bukatarsa kuma ta fi girma, gama inda harsuna suka yi yawa, mai son raba kan mutane ba ya shan wahala.

Ba kuma sai an je Turai kafin a ga misali ba. A sashen Nima da ake kira 441, mazauna sun kafa ƙungiyar jin daɗin jama'a tun wajen shekarun 1980, suka tsai da ɗan asibitin unguwa. Ɗakin karatu na jama'a da aka buɗe domin yaran Nima da Maamobi a 1998 ya nuna cewa abin da unguwa ta ɗauka nata ne, tana tsaronsa. A Old Fadama, inda hukumar birni ta daɗe tana barazanar kora, mazauna sun ƙirga kansu da kansu a 2009, ɗaki ɗaki, suka sami kusan mutum 80,000. Ƙidayar ba ta hana katafila shiga wani sashe na wurin a 2015 ba, amma tun daga lokacin da aka san yawansu, maganar kwashe su duka a dare ɗaya ta yi wa hukuma nauyi a baki. Ƙungiyoyin matasa da na mata da na 'yan gari ɗaya kuwa sun cika Nima. Kowacce tana da ma'aji da ranar taro. Tsintsiya ce a warwatse, ba a ɗaure ta ba.

Sarakuna fa? Wannan ita ce gardamar da ta fi ƙarfi, dole a amsa ta da ladabi. Kowace kabila a zango tana da sarkinta, suna da majalisarsu, su ne suke sasanta rigimar aure da ta gado, su ne suke karɓar baƙo, su ne 'yan sanda suke nema idan samari suka yi faɗa. Zaman lafiyar da Nima take da shi, da hannunsu a ciki. Ba mai hankalin da zai kafa majalisar unguwa bai fara gaishe su ba, kujerarsu kuma a gaba take. Amma sarki wakilin kabila ne, kwata kuwa ba ta san kabila ba. Lungu ɗaya yana iya ƙunsar kabilu goma, kowanne sarkinsa yana wani sashe dabam. Sa'an nan manyan unguwa galibi masu gidaje ne. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin fiye da wata shida a gaba, amma kowa ya san ana neman na shekara ɗaya ko biyu. Yaya ɗan haya zai kai ƙarar wannan, ko ta rashin masai, gaban taron da masu gidaje suka cika? Macen da take sayar da waakye tun asuba, wadda ita ce take sayen ruwa bokiti bokiti, ta fi kowa sanin farashinsa, amma a fada tana bayan ƙofa. Girmama sarki bai hana a ba ta kujera da ƙuri'a ba.

Yanzu sai ikilisiya. Kiristocin zango ba kaɗan ba ne: Frafra, Dagaaba, Kasena, Builsa, Ewe, da 'yan Nijeriya, suna sujada a majami'ar Saint Kizito ta Nima da sauran majami'u manya da ƙanana, har da waɗanda suke taruwa a ajin makaranta. Da yawansu 'yan haya ne, wato su ne majalisar unguwa za ta fi amfana. Duk da haka abin da aka saba ji shi ne, unguwar Musulmi ce, su ne masu gari, in an shiga za a haɗiye mutum. Sai a ja jiki. A yi baiko na musamman domin tayil da sabuwar amsa-kuwwa, a tsallake kwata da takalmin Lahadi a shiga a yi waƙa, a fito a sake tsallakewa. Yaron da ya sha ruwa mai datti ran Litinin, kwalara ba ta tambayarsa sunan baftisma. Masu karanta Littafi Mai Tsarki sun san wasiƙar da annabi Irmiya ya aika wa waɗanda aka kwashe zuwa Babila, sun san kuwa bai shawarce su su zauna da kaya a ɗaure ba. Tsoron haɗiyewa ma bai da tushe mai ƙarfi a Akra. A Afrilu 2019 Babban Limamin ƙasa, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, yana cika shekara 100, ya tafi majami'ar Christ the King ya zauna cikin sujadar Ista. Idan dattijo mai wannan matsayi ya iya taka ƙofar majami'a, dattijon ikilisiya ba shi da hujjar ƙin zama a benci ɗaya da limamin lungunsu a kan maganar famfo.

Ikilisiya kuwa tana da abin kawowa wanda unguwar take bukata ƙwarai. Masu cewa kwamiti cin kuɗi ne kawai ba ƙarya suke yi ba, an ga da yawa sun mutu a kan asusu. Maganin wannan sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama a taron shekara na ikilisiya ko na zumuntar mata: mutum biyu su ƙirga kuɗi, a rubuta a littafi, a ba da rasit, ma'aji ya tashi a gaban jama'a ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, shugaba ya yi shekarunsa ya sauka. Matan zumunta da suke riƙe da littafin adashi shekara ashirin ba a rasa sidi ɗaya ba, sun fi ƙarfin riƙe asusun lungu. Ɗakin taro ma akwai, yana kulle daga Litinin zuwa Juma'a. Sharaɗi ɗaya ne: wanda ya ba da ɗaki kada ya ce shi ne mai taron, kada kuma ya mai da shi wurin wa'azi. Ranar da majalisar ta zama reshen majami'a ko na masallaci ko na jam'iyya, rabin unguwa ya tashi ya fita. Fasto da limami su sa albarka su koma gefe, kuskuren da Ailan ta yi ta gyara ba sai an maimaita shi ba. Duk wanda ya tsaya takarar siyasa kuma ya ajiye kujerarsa tukuna.

Lokaci ba ya jira, dalili kuwa ƙasa ce. Filin da Malam Amadu Futa ya samu a bayan gari yau yana tsakiyar Akra, kewaye da Kanda da Cantonments da unguwar masu kuɗi ta filin jirgin sama, ɗan taƙi kaɗan daga fadar shugaban ƙasa. Masu gina dogayen benaye sun daɗe suna kallonsa. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 domin maganin ambaliya a kwarin Odaw, Nima tana cikin unguwannin da aka sa a gyara. A Yuli 2021 aka tashi 'yan kasuwar albasa na Agbogbloshie, waɗanda da yawansu Hausa suke ji, aka kai su Adjen Kotoku, nesa da masu sayensu. Tsarin sabunta Nima da aka ambata a 2019 bai tabbata ba, amma wata gwamnati za ta zo da nata, da zane mai kyau da alkawarin ba za a kori kowa ba. Ran nan za a tambayi wa yake da takardar fili, za a kira masu gida da sarakuna a zauna da su. Aikin farko na majalisar mazauna, tun kafin ta taɓa shebur, shi ne ta bi lungu lungu da littafi: gida nawa, ɗaki nawa, mutum nawa a kowane ɗaki, shekara nawa suka yi a ciki, akwai masai ko babu, ruwa ya taɓa shiga ko bai taɓa ba. A yi kwafi uku, ɗaya a fadar sarki, ɗaya a ofishin gunduma, ɗaya a hannun ma'ajin da 'yan haya suka zaɓa da kansu.